Abin da Anti Zaɓi Take Tsamewa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a shagon da ke tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti ya san ba a karɓar hoto daga hannun wanda ya ɗauka. Shi mai hoton aikinsa ya daka maka tsawa ka ɗaga haɓa, ya ƙyasta, ya ce ka dawo gobe. In ka dawo sai a nuna maka wata 'yar ƙofa a bayan labule, ka sunkuya ka shiga wurin ƙanwarsa. Ita ce Anti Zaɓi. Mutanen layin ne suka laƙa mata sunan, don ko giftawa ka yi sai ka jiyo muryarta ta bango tana cewa, "To, zaɓi." Sunan ya bi ta har gida, ɗan da ta haifa ma in yana son ya tsokane ta da shi yake kiranta.

Ɗakin nata kuwa, Allah na tuba, akurki ne. Da can wurin wanke fim ne, shi ya sa aka toshe tagarsa da bulo. Fim ya wuce, kowa ya koma kwamfuta, amma ba wanda ya tuna ya fasa bulon nan. Teburi ne ɗaya da baƙin ƙyalle a kai, fitila mai dogon wuya, kujeru biyu na baƙi, sai kwamfuta da injin wanke ƙananan hotuna a lungu. Akwai fanka, amma ba a kunna ta in an shimfiɗa hotuna, don kwashe su take yi. Haka za ta zauna gumi na bin bayanta, tana jiran wani ya gama hararar hancinsa a hoto.

Ba da niyyar zama ta shigo ba. Mijinta ne ya rasu ya bar ta da yaro ko yaye ba a yi masa ba, dangin mijin kowa ya kama gabansa. Yaya, wato mai hoton, wanda dama shi ya raine ta bayan iyayensu, ya je ya kwaso su da 'yan komatsansu. Bayan ta gama takaba ya ce, "Ki ɗan riƙe min ɗakin nan kafin in samu mutum." Yaron ya yi rarrafe a ƙarƙashin teburin nan, ya yi makaranta, ya yi gemu, ya tafi wani gari mai nisa aiki, har ya yi aure. Mutumin da Yaya zai samu har yau bai iso ba.

Kar kuma wani ya ɗauka aikin zube hotuna ne a teburi. Ina! A shagon nan ba a taɓa tura wa mutum hotuna a waya ya zaɓa a gida ba, ko da duk garin sun koma haka. Yaya ya ce wanda ya zaɓi hoto a kwance, da surukarsa a kansa, ba zai taɓa gamsuwa ba. Sai dai a wanke su ƙanana, girman tafin hannu, su ake kira ɗanɗano a shagon. Kowanne ta buga masa tambarin shago a ƙirji, don kar wani mai wayo ya sulale da shi a aljihu. A ƙirji fa, ba a fuska ba. Ta ce mutum bai yi maka laifin da za ka buga masa tambari a goshi ba.

Shimfiɗawar ma da tsarinta. Ba ta fara fito da mafi kyau, don ido bai zauna ba tukuna, duk abin da ya fara gani kushe shi zai yi. Sai ta ajiye matsakaici, ta bari a yi masa tsaki. Daga nan ta sako wanda take kira ɗan duka: wanda aka kama mutum ido a rufe ko baki a karkace. Shi wannan da gangan take sa shi, saboda ta lura ɗan Adam in bai samu abin da zai ƙi ba, ba ya iya son komai. A zage ɗan duka, a yi dariya, a ture shi gefe, sannan ta zaro na kirkin kamar ba ta san da shi ba, ta ajiye ta yi shiru. Ba ta taɓa ce wa kowa "kin yi kyau" ba. Idon mutum take kallo, inda ya koma sau biyu, to an gama.

Maza, in ji ta, wanda suka ɗaure fuska suke ɗauka, wai shi ne kwarjini. Mata wuya suke fara dubawa. Babbar abokiyar gabarta kuwa ita ce ƙawa. Ranar da matar mai gidan burodi ta zo da tata ƙawar, har an gama zaɓe lafiya lau, sai ƙawar ta leƙo ta ce, "Anya? Ni kam sai na ga kamar kin kumbura." Anti Zaɓi ta ɗago ta ce, "Baiwar Allah, ke aka ɗauka? To ga benci can waje, akwai iska." Tun daga ranar aka daina shigo mata da 'yan rakiya.

Haka aka yi ta tafiya, shi yana ɗauka, ita tana shimfiɗawa, shago ya yi suna. Sai idon Yaya ya fara tafiya.

Ita ta fara gani, don ita yake miƙa wa katin kyamara da yamma. Da, in ta buɗe, sai ta sha wuya kafin ta samu ɗan duka, don Yaya hannunsa ba ya kuskure. Sannu a hankali abin ya juye. Hoto ya fito dishi-dishi, fuska kamar an shafe ta da jiƙaƙƙen tsumma, labulen baya kuwa ya fito tar, har zarensa kana gani. Yau biyu, gobe biyar. Ta wayi gari ɗan duka ya cika kati, na kirkin take nema da fitila.

Kyamarar tana da wani maɓalli da in an tura shi ita take saita kanta. Wata safiya tana goge ƙura ta tura shi. Ko awa ba a yi ba ta ji ihu.

"Wa ya taɓa min kaya?"

"Ni ce, Yaya. Gogewa nake."

"To ki goge teburinki! Ƙarfe ne zai koya min gani? Tun kina tsotsar yatsa nake murɗa bakin kyamara da hannuna!"

Ta ba shi haƙuri. Amma ba ta haƙura ba. Ta kira kafinta ya kafe ƙafafun kujerar ɗaukar hoto a ƙasa da ƙusa, ta ce wa Yaya yara ne ke jan ta suna goge siminti. Ta zana wa ƙafafun kyamara gurbi da fenti. Ta saita zoben bakin kyamarar da idonta, ta naɗe shi da salatef, wai don ƙura. In baƙo ya zauna daidai bai motsa ba, hoto ya fito. In yaro ne mai ƙiriniya, ko iyali a jere, sai dai addu'a. Ta koya wa Yaya ƙyasta da yawa, ta ce mutanen yanzu sun fi son zaɓi mai yawa. Ƙarya take, mutanen yanzu uku take nuna musu, sauran ta tsame ta goge kafin kowa ya gani. Aikin waje kuwa, na taro da na makarantu, ita ta hana shi, ta ce ya girmi yawo da kyamara a wuya kamar sabon shiga. Ya ji daɗin maganar, har ya riƙa maimaita ta a majalisa.

Sau ɗaya ta yi ƙundunbala ta ce, "Yaya, da ka je an duba idon nan, ko tabarau ne."

Ya juya ya fuskanci kalandar mai fenti da ke can ƙarshen shago, ya karanto mata ita tun daga sama har lambar waya. Kalandar da ta shekara uku a bangon! Ya ce, "Makaho ne ya karanta wannan?" Ta ce a'a. Da ta kai maganar gida wurin matarsa, matar ta riƙe mata hannu ta ce, "Don girman Allah ki rufa mana asiri. Mutumin nan ranar da ya ajiye kyamara, a ranar zai kwanta." 'Ya'yansa kuwa ba mai son jin warin shagon, kowa da abin da ya sa gaba.

To ka ji inda ta maƙale. In ta faɗa masa, ta kashe shi da bakinta. In ta yi shiru, ba ta isa ta ɗaga ƙafa daga ɗakin nan ba ko na yini guda, don duk wanda ya buɗe katin nan ba ita ba, asirin Yaya ya tonu a layi. Zazzaɓi ma a kan kujerar take yin sa. Wani lokacin in ta rufe ƙofa tana goge hotuna sai haushi ya turnuƙe ta, ta ji kamar ta kwashe su duka ta watsa masa a cinya. Sai ta tuna wanda ya goya ta zuwa makaranta ranar da ƙaya ta soke ta, jikinta ya yi sanyi. Tana son Yaya, kuma ta gaji da shi, duka biyun gaskiya ne.

Shi kuma ɗan nata bai bar ta ta huta ba. Duk kiran waya maganar ɗaya ce. "Mama, ki taho haka nan. Ɗakinki na nan, taga biyu gare shi, ɗaya tana kallon bishiyar mangwaro." Ta ce bari a fita daga wannan watan. Watan ya fita, ta ce bari Yaya ya samu mutum. Yaron ya yi dariya har da tari, ya ce, "Anti Zaɓi, mutumin nan tun ina rarrafe ake nemansa."

Da matarsa ta haihu maganar ta daina zama wasa. Ya kira ta muryarsa ba dariya. "Mama, hutunta ya kusa ƙarewa, za ta koma aiki. In za ki zo ki riƙe jikarki, ki zo ƙarshen watan nan. In ba hali, ki faɗa min gaskiya, mu ɗauki mai raino mu ba ta ɗakin. Ba zan ƙara matsa miki ba." Ya turo mata hoton jaririyar a waya, an ɗauke shi a karkace, haske ya yi yawa. Ta kalle shi har wayar ta mutu a hannunta. Tunda take ba ta taɓa son wani abu don kanta kamar yadda ta so ta ɗauki 'yar nan ba.

Ta samu Yaya da rana yana shan shayi a bakin shago. Ta durƙusa ta faɗa masa, tana jiran tsawa. Sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ki tafi mana. Wa ya ɗaure ki? Zaɓe har wani aiki ne? Zube hotuna a teburi, ni ma zan iya."

Maganar ta soke ta, wallahi ta soke ta, amma ta haɗiye. Ta ce a ranta, to shi ke nan, tunda ba aiki ba ne. Ta sayi jaka. Ta ɗinka wa jaririya riguna. Ta sanar da ɗanta ranar da za ta shigo mota, ta ji matarsa tana guɗa a bayansa. Duk sanda tunanin katin kyamara ya taso mata sai ta danne shi, ta ce ai Allah ne ke rufa asiri, ba ita ba.

Ana saura kwanaki kaɗan Yaya ya leƙo ɗakinta ya ce, "Ke, tashi ki zauna in ɗauke ki. Kar a ce ƙanwar mai hoto ta bar gari ba ta da hoto." Sai a lokacin ta tuna, duk shekarun nan bai taɓa ɗaukar ta ba. Ta zauna a kujerar da ta sa aka kafe, ta ji ashe tauri gare ta. Zafi ake, ta zame babban mayafinta ta rataya a bayan kujerar, ta bar ɗankwali.

"Ɗaga haɓa! Ke da kike koya wa mutane, zama ma ba ki iya ba?"

Ta ga ya ɓare salatef ɗin yana murɗa zoben da hannu. Yana cikin ƙyastawa wayarta ta yi ƙara a ɗaki, ta ɗaga masa hannu alamar tana zuwa, ta miƙe ta shige bayan labule. Surukarta ce ke tambayar ko tana son katifa mai tauri ko mai laushi. Tana amsawa tana jin kyamara a waje, ƙyas, ƙyas. Ta ce wa ranta haske yake gwadawa. Ta dawo ta zauna, ya ƙara 'yan kaɗan, ya ce ta tashi. Da ta miƙa hannu karɓar kati sai ya jefa shi a aljihu.

"A'a. Wannan ni zan kai a wanke, ni zan shimfiɗa miki. Ai gara in fara koyo tun kina nan."

Washegari ta iso ta tarar da shi a ɗakinta, ya kunna fitila, ya zauna a mazauninta. Ya nuna mata kujerar baƙi. Ya kai katin wurin masu wanke hoto na bakin titi, ya ce su wanke duka, kuma ya buga tambari da kansa. Bai san wani matsakaici ko ɗan duka ba, zube su ya yi gaba ɗaya kamar mai shanya, yana laluben gefen teburin da yatsa kar su faɗi.

Ta duba. Innalillahi. Ba ɗaya da ya fita. Ga wata mata nan dai, hazo-hazo, ba ido ba hanci. A wani an yanke mata kai, a wani tambarin ya sauka a tsakiyar fuskarta. Wannan shi ne abin da baƙo zai gani ranar da ta shiga mota: matar mai gidan burodi, da malamin makaranta, da duk wanda ya taɓa cewa ba mai hoto kamar Yaya.

"To, zaɓi," in ji shi, yana kwaikwayon muryarta.

Ta kasa ko murmushi. Sai ya kai hannu ya ɗauko ɗaya, ya kai shi kusa da fitila, ya ajiye a gabanta.

"In ni ne, wannan zan ɗauka. Nan kika natsu. Kin ga zama irin na mahaifiyarmu."

Kujera ce. Kujera da mayafi rataye a bayanta, ba kowa a kai. Kuma don ƙarin baƙin ciki, shi kaɗai ne ya fito tar, har adon bakin mayafin ana gani.

Ta san abin da za ta yi in tana son ta tafi lafiya: ta ce madalla, a sa a firam, ta ɗauki jakarta. Saura kwana nawa ne? Amma bakinta ya ƙi. Shekarun da ta yi tana haɗiye maganar nan sun ishe ta.

"Yaya," ta ce, "ba ni a ciki. Kujera ce."

Ta runtse ido tana jiran ya kife teburin. Ba abin da ya motsa. Da ta buɗe, yana riƙe da hoton dab da hancinsa, ya juya shi nan, ya juya shi can. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke shi a hankali ya turo mata.

"To ki tsame shi," ya ce. "Kamar yadda kika saba."

Kamar yadda ta saba! Ashe ya sani. Ya san ƙusoshin, ya san salatef, ya san dalilin da ya sa ake ce masa ya ƙyasta da yawa. Duk shekarun da take tafiya a kan yatsu don kar ya gane, yana kallon ta da ɗan abin da ya rage masa na ido, ya bar ta tana ɗauka ita kaɗai. Ta ji wani irin haushi har kunnenta ya ɗau zafi. Ta buɗe baki za ta ce ya cuce ta, sai ta ga hannunsa a kan baƙin ƙyallen yana tattara hotunan yana kasa haɗa su.

"Na ce ki tafi," in ji shi, bai ɗago ba. "Ban hana ki ba. Ki shaida ban hana ki ba."

"Na shaida, Yaya."

Aka yi sallama a waje. Malamin makaranta ne da matarsa, an ce musu su dawo yau. Yaya ya dafa teburi ya miƙe, ya laluba aljihu ya ciro katin aikin jiya. Bai miƙa mata ba, bai kuma mayar ba, ya tsaya da shi a tafin hannu kamar wanda aka ba ajiyar da bai san inda zai kai ba. A waje malamin ya sake sallama.

Ta karɓa.

"Ka ce su zauna a benci, yanzu zan kira su."

Da ya fita ta tura ƙofa, ta zaro waya ta kira ɗanta tun kafin zuciyarta ta canza. Ya ɗauka da murna, tana jin kukan jaririyar kusa da shi.

"Mama, an kawo katifar!"

Ta dafe bakinta har sai da ta tabbata muryar za ta fita daidai.

"Ku ɗauki mai rainon," ta ce. "Ka dubo mai haƙuri. Ka ce mata ta riƙa buɗe wa yarinyar taga."